Daga Motar Dare Zuwa Kujerar Gaba

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Hadiza ce, ga Nura, ga Kawu Sale. Yau hirar tafiye-tafiye za mu yi, yadda halin mutum kan hanya ke canjawa daga ƙuruciya zuwa girma. Nura, kai ne ƙaraminmu, bismillah.

Nura: To Yaya Hadiza, ni dai har yanzu ɗan motar dare ne. In zan je Legas sarin kaya, Sabon Gari nake zuwa in shiga makapolo da yamma. In kwana a kujera, kuɗin masauki ya huta, ranar kasuwa ba ta salwanta ba.

Kawu Sale: Bayanka fa?

Nura: Lafiyarsa lau, Kawu.

Kawu Sale: Zai kawo maka takardar bashi nan gaba. Mu ma mun yi. Da muna samari jirgin ƙasa muke bi daga Kano, ta Zariya, Kaduna, Minna, Jebba, Ilori, Ibadan. Ba wanda ya san ranar isa. Ka sayi rake a wannan tasha, ka sayi doya a waccan, ka yi abokai a tarago. Tafiyar kanta ce abin marmarin. Yanzu ko Zariya za ni, sai na yi sammako zuwa Unguwa Uku, in biya kujerar gaba ni kaɗai, in leƙa tayoyin motar, in dubi idon direba.

Hadiza: Idonsa kuma?

Kawu Sale: Ƙwarai. Idon wanda bai yi barci ba ba ya ɓuya.

Nura: Amma Kawu ku gafarce ni, ban yarda shekaru ne kaɗai ba. Hanyar ce ta canja. Abokaina da yawa sun daina tafiyar dare, kuma ba furfura gare su ba. Jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, mutane sun koma masa ne don tsoron masu garkuwa a titi. Shi ma aka kai masa hari ranar 28 ga Maris 2022, ya tsaya sai Disamba. Ga kuɗin mota tun da aka cire tallafin fetur a 2023. Saurayi ma yanzu lissafi yake kamar mai iyali.

Hadiza: Da gaskiyarka, amma akwai abin da ku maza ba ku ambata ba. Ni ba motar ce ta fara canja mini ba, dalilin fitar ne. Lokacin bautar ƙasa, in na samu hutu sai in bi ƙawa garinsu don kawai in ga wuri. Jaka ɗaya a kafaɗa, shi ke nan. Yanzu in kun gan ni a tasha, ko biki ne, ko suna, ko dubiya, ko ta'aziyya. Ba ni nake zaɓen inda za ni ba, waya ce ke zaɓa mini. A buga a ce wance ta haihu a Maraɗi, sai in fara lissafin Katsina, Jibiya, Ɗan Issa, da ko za mu tsallaka iyaka kafin la'asar. Ga goyo, ga kular abinci, ga maganin zazzaɓin yara, ga tsaraba. Kuma tsarabar nan ba wasa ba ce, wani lokaci ta fi kuɗin motar.

Nura: To ki tura kuɗin ta waya mana, ki yi musu barka ta bidiyo.

Hadiza: Barka kam ana yi. Gaisuwar mutuwa fa? Ka taɓa jin an yafe wa babba don ya aika saƙon murya?

Kawu Sale: Zumunci a ƙafa yake, ɗana. Kai yanzu in ba ka je ba, a ce yaro ne, yana nema. Ranar da ka zama babban gida, rashin zuwanka magana ce da za a shekara ana yi. Shi ya sa nake dariya in an ce tsoho ya rage tafiya. Yawon ganin gari ya rage. Tafiyar dole ƙaruwa take yi, ga ƙarfi yana raguwa.

Hadiza: Kuma tafiyar da ta fi kowace nisa, yawanci sai an manyanta ake yin ta.

Kawu Sale: Hajji ke nan. Ku lura da abin mamaki a nan. Kakanninmu da ƙarfinsu suke tashi, saboda a ƙafa ne ko a kan jaki: Borno, Chadi, Darfur, har bakin Bahar Maliya a Suwakin, a shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Shekaru ake yi. A tsaya a yi noma, a yi ƙwadago a gonakin audugar Jazira, a tara guzuri a ƙara gaba. Wasu ba su dawo ba, jikokinsu na nan Sudan suna jin Hausa. Yau jirgi ya tashi daga filin Malam Aminu Kano, kafin yini ya ƙare ka sauka. Sai wahalar ta bar ƙafa ta koma aljihu. Kujera ta haura naira miliyan 8 a 2025, wane saurayi ne zai tara wannan? Sai an aurar da 'ya'ya, an sayar da gona ko an daɗe ana adashin gata. Ka je ɗawafi da ciwon gwiwa.

Nura: To ni zan fara adashin tun yanzu, in je da gwiwata lafiya.

Hadiza: Da kuɗin masaukin da kake ragewa?

Nura: Da shi mana. Jibi ma Legas za ni.

Kawu Sale: Allah ya tsare hanya. Ka taho mini da man zafi.

Hadiza: Amin. Masu sauraro, lokaci ya cim mana, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.