Mutumin Da Aikinsa Ya Sa Amarya Kuka: Lacca Kan Kiɗan Bikin Yahudawa

Jama'a barkanmu da yamma. Na baya kuna ji na? Madalla. Abu uku zan taɓo: makaɗa, rawa, sai yadda kiɗan ya yi ƙaura.

Yahudawan da nake nufi su ne na gabashin Turai, wato Foland, Yukren da Romaniya, masu jin harshen Yidish. Makaɗansu ana ce musu klezma, kuma galibi sana'ar gado ce. Gogen Turawa ne jagora, sai tsimbil, wani faifan katako mai tsirkiyoyi da ake bugawa da 'yan sanduna biyu. Kilarinet, baƙar sarewar nan, sai a ƙarni na 19 ta shigo.

Amma ku bar ni in tsaya kan mutum ɗaya, badhan, don shi ya fi kama min zuciya. Kafin ɗaurin aure mata kan zaunar da amarya a kujera, tana azumi tun safe, don al'adarsu ce ango da amarya su yi azumi ranar. Sai badhan ya tsaya gabanta yana rera baituka, nan take yake ƙaga su. Aikinsa ya sa ta kuka. Ku ji fa, ya sa ta kuka! Ya tuna mata ƙuruciya ta wuce, ga ɗawainiyar gida na jiran ta. In marainiya ce, ya ambaci mahaifiyarta da ba ta ga wannan rana ba. Mai goge na bin sa a hankali, ɗaki duka hawaye. Hajiya, na ga kina gyaɗa kai, kin tuna kukan amarenmu daren kai su ɗaki. Sai kwatsam ya ba makaɗa alama, kiɗa ya juya zuwa freylekhs, na murna, a nufi rumfar ɗaurin aure. Shi ɗin dai da dare shi ke barkwanci, shi ke shelar kyaututtuka. Mutum ɗaya! Sun fahimci cewa ranar aure akwai rashi a cikinta, suka ba shi lokacinsa. Ko kofin gilashin da ango ke takawa ya fasa, tunawa ce da rushe Haikalin Kudus, babban ɗakin ibadarsu, a shekara ta 70 miladiyya.

Na biyu, ko na uku ne? Rawa dai. Akwai sher, ta maza huɗu da mata huɗu. Akwai rawar fushi, inda uwar ango da uwar amarya kan yi kamar sun ɓata, sannan su rungumi juna. Wannan kam wasu gidajen za su so ta. (Dariya.) Ƙaura kuma a gurguje: kimanin mutum miliyan 2 suka tafi Amurka tsakanin 1880 da 1924, cikinsu har Dave Tarras, gwanin kilarinet. Kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa ya shafe garuruwan da kiɗan ya tashi, sai a shekarun 1970 matasa suka farfaɗo da shi daga tsofaffin fayafayai.

Malam, tambayarka? Ko suna lalle? Waɗannan ba sa yi, amma Yahudawan Yaman da na Maroko suna yi, da dare guda nasa. Na Yaman ma sun daɗe suna ƙaurace wa kayan kiɗa saboda makokin Haikalin nan, sai mata su buga gwangwani da farantin tagulla suna waƙa, ana sa wa amarya lalle a tafin hannu.