Kajin gargajiya a Faransa, wallahi 'yan Maradi muna wasa da dukiya

Assalamu alaikum 'yan uwana na Maradi, na Zariya da Mokoyo da Ɗan Gulbi har mutanen Tibiri da Jiratawa, ina gaisuwa. Ku dubi abin da ke bayana, kaji ne, kajin gargajiya na Turawa, kuma wallahi tun da na shigo gonar ga ta nan Faransa raina bai kwanta ba, daɗi da haushi sun haɗe mini wuri guda.

Kun ga wagga baƙar mai jan wuya? Maran sunanta, sunan wani gari ne kusa da La Roshel. Ku dubi ƙwanta, ja wur har ya yi duhu, ba fenti ba ne haka take yin shi. Ƙwai guda na ƙyanƙyasa tsohon nan mai gonar ya ce mini yuro 3, kusan jika 2 ke nan, ƙwai guda fa! Budurwar kaza kuwa yuro 35, ku lissafa, jika 23 ba kaɗan. Waccan kuma mai gemu Faberol ce, yatsunta 5 ba 4 ba, na ƙirga da hannuna. Akwai wata ta yankin Bres, fara fat, zanko ja, ƙafafu shuɗɗa, tun 1957 hukuma ta kare sunanta, in ba can aka yi kiwonta ba bisa ƙa'ida ba ka da ikon saida ta da wannan suna. Kaza fa jama'a, da takardunta.

To abin da ya sosa mini rai, mutumin ga ya san uwar kowace kaza da ubanta, duk ya rubuta cikin kaye, zobe a ƙafa da lamba. Zakaran da ya fi kyau ko nawa ka ba shi ba ya saidawa, shi ne uban garke. Mu kuwa fa? Salla ta matso ko baƙo ya sauka ko kuɗin lakkwal ya tashi, wanda ya fi girma shi ake kamawa a kai kasuwa, a bar ɗan ƙanjamamme yana bin kaji, shekara ta zagayo a ce kajinmu ba su girma. Yaya za su girma? Kuma kazarmu ta gida wace ce ta kai ta, zafin Afrilu na Maradi ta jure shi, ta yi kiwo da kanta cikin bola da gindin rumbu, ta yi kwanci kwana 21 ba kuran ba inji, ta fito da 'yan tsakinta ta kare su daga shirwa. Waɗannan na nan ka kai su Gidan Rumji cikin bazara sati ba za su yi ba. Ai mun san darajar iri, jar akuyar Maradi duniya ta san ta saboda fatarta, har cibiya aka yi mata a garinmu. Don mi kaza ba ta samu wannan gata ba?

Batun gane zakara da kaza tun suna ƙanana, da yawa kun tambaye ni. Ita Faberol da sauƙi, sati 2 zuwa 3 namijin baƙin gashi ke fito mishi a fiffike da ƙirji, macen ta tsaya da haskenta. Akwai wata ta Ingila, Legba, ranar da aka ƙyanƙyashe ma ana ganewa, macen da zane mai duhu a baya, namijin ya fi haske da ɗigo a ka. Amma namu na gida da launinsu ya cakuɗe sai haƙuri. Wajen sati 5 ko 6 ka dubi zanko, na namiji ya riga tashi ya yi ja, ƙafarshi ta fi kauri, yana tsayuwa yana ɗaga ƙirji yana neman faɗa. In sun kai wata 3 magana ta ƙare, gashin wuya da na gadon baya kusa da wutsiya na namiji tsini gare shi yana sheƙi, na mace kuwa bakinshi a zagaye. Kar ku dogara da ƙaimi, wata macen ma tana fiddawa. Kuma masu cewa dogon ƙwai zakara ne zagayayye kaza, don Allah ku bari, ba gaskiya ba ne.

Af, kun san a da a nan manyan kamfanonin ƙwai kashe 'yan tsaki maza suke yi ranar da sunka fito saboda ba su yin ƙwai? Jamus ta hana a 2022, Faransa ta bi a 2023, yanzu tun cikin ƙwai inji ke duba jinsin. Da na ji jikina ya yi sanyi, zakara fa, wanda ke tada mu asuba. Har kotu an taɓa kai wani zakara mai suna Moris a tsibirin Olero saboda cara ta dami maƙwabta, a 2019, kuma zakaran ya ci shari'ar. Ku yi tunanin wani a Bagalam ya kai ƙarar cara gun mai unguwa!

Ni dai gargaɗina gare ku, musamman iyayenmu mata da kiwon ga yake hannunsu: zakaran kirki ku riƙe shi, ku dinga musanya da na wata unguwa ko wani ƙauye kar uba ya yi ta bin 'ya'yanshi, jini guda yana raunana tsaki. Kar ku saki zakaran gidan gona cikin na gida haka kawai, jikokin sukan rage son kwanci. Kazar da kunka sayo kasuwa ku ware ta sati 2 kafin ta shiga akurki. Kuma kafin iskar ɗari ta taso ku nemi ma'aikatan dabbobi a yi rigakafin ciwon nan na kaji mai suna Niyukasal, don in ya shigo unguwa ba ya tambayar iri, kwasa yake gida gida. Masu rubuto mini in zo musu da ƙwan Maran cikin jaka kuwa, ku yi haƙuri, duwan ba za ta bari ba sai da takardun likitan dabbobi, kuma girgizar hanya da zafi lalata shi za su yi kafin in sauka Yamai.