Ƙwallon Gora: Abin da Ke Sa Alƙali Ya Hura Usur

Salamu alaikum jama'a, musamman malaman wasanni na makarantun ƙauyukanmu na Kano da Jigawa. Yaron da ya taso yana buga tamaula a filin firamare, ranar da ya fara riƙe gora don buga ƙwallon gora, wato hoki, kusan duk abin da ya saba laifi ne.

Ku dubi gorar nan. Gefe ɗaya shafaffe ne, bayanta kuma a kumbure. Da shafaffen gefen ake taɓa ƙwallo. Ka buga da baya, an hura. Shi ya sa ɗan wasa yake ta murza gorar a hannu yana gudu. Babu gorar bahago, kowa irin ɗaya yake riƙewa. Sai ƙafa: in ƙwallo ta bugi ƙafarka ka amfana, laifi ne, ko da gangan ko bisa kuskure. Mai tsaron raga ne kaɗai ke da izinin sa ƙafa, shi ma a cikin da'irar da ke gaban ragarsa. Juya wa abokin karawa baya ka kare ƙwallo da jikinka, wanda a tamaula gwaninta ce, a nan tare hanya ne.

Hukuncin ƙaramin laifi bugun tazara ne. Abokan karawa su ja baya mita 5, kuma tun 2009 mai bugun yana iya tura wa kansa ya wuce. Satar gida kuwa babu ita.

Da'irar gaban raga ita ce zuciyar wasan, don ba a ƙirga ci sai mai kai hari ya taɓa ƙwallon a cikinta. Malam, ga yadda za ka zana ta: faɗin raga mita 3.66 ne. Ɗaura igiya mai mita 14.63 a gindin kowane turke, ka ja rubu'in da'ira, ka haɗa biyun da miƙaƙƙen layi, ka bi da toka. Ka share tsakuwa ka cike ramuka tukuna. A fili mai gargada ƙwallo takan yi tsalle ta sami ƙafa ko ƙwauri, wasa ya koma usur bayan usur.

In mai tsaron baya ya yi laifi a cikin da'irar, sai a ba da gajeriyar kwana. Ana ajiye ƙwallo a layin baya, aƙalla mita 10 daga turke. Masu tsaro biyar kacal, har da mai tsaron raga, ke tsayawa bayan layi. Sauran su koma tsakiyar fili. Dole ƙwallon ta fita da'ira kafin a auna raga. A nan sababbi suke asarar ci: in bugun farko da aka auna raga duka ne, ba turawa ba, kada ƙwallon ta shiga raga sama da santimita 46, wato tsayin katakon da ke cikin ragar. Ta haura, an soke. In kuma laifin ya hana cin da babu makawa, sai bugun daga kai sai mai tsaron gida, daga mita 6.4, kuma turawa ake yi, ba duka ba.

Kati uku ne. Kore, minti 2 a waje. Ruwan ɗorawa, aƙalla minti 5. Ja, ka tafi ke nan.

Yanzu mu leƙa ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, wadda ake ji da ita a Kanada da Amurka da Rasha. Mu da ko a tsakiyar hunturu ruwan randa ba ya daskarewa, sai dai mu kalla a waya. Mutum shida-shida ne maimakon sha ɗaya, zango uku na minti 20, kuma faifan roba mai tauri ake bugawa. A wasan maza, bangazar mai riƙe da faifan da kafaɗa halal ne. Abin da ake kamawa shi ne saƙalo mutum da gora, sa masa ƙafa, ko dukan fuska da gora. Ƙaramin laifi minti 2 ne a keji, wato wurin zaman mai laifi a gefen fili, ƙungiyarka ta rage mutum ɗaya. In an ci ku a lokacin, ka fito. Babban laifi minti 5 ne, ko ƙwallo nawa aka zura sai ka cika su. Gora ta sami fuska har jini ya fito, minti 4. Kuma su suna da satar gida: kada ka riga faifan ƙetare shuɗin layin da aka ja a ɓangaren filin abokan karawa.