Mashayar Landan: Lambar da Ya Kamata Ka Karanta Kafin Ka Kai Kofi Baki

[Hoto: tashar jirgin ƙasa ta Liverpool Street, yammacin Alhamis]

Jama'a, saƙonni sun yi ta shigowa daga ɗalibai da ma'aikatan jinya da suka sauka Ingila, kuma tambayar kusan guda ce. Abokan aiki sun ce a haɗu a mashaya bayan an tashi, kai ba ka shan barasa, me za ka saya? Shin abin da aka rubuta wa "alcohol-free" da gaske babu komai a ciki?

Wannan ita ce mashayar Hamilton Hall da ke tashar, ta kamfanin Wetherspoon. A da zauren rawa ne na wani babban otal, shi ya sa kuke ganin wannan ado a rufin. Ku dubi cunkoson, sai ka ce kasuwar Kurmi ana gobe salla.

Bari mu wuce abu mai sauƙi da sauri. Idan ka zauna kana jiran a zo a tambaye ka, za ka kwana nan. Kanta ake zuwa, a faɗi abin da ake so, a biya nan take. Layi ba ya fitowa fili, amma ma'aikacin kanta yana lura da wanda ya riga wani, saboda haka kada ka ɗaga murya ko ka kaɗa kuɗi. Za ka ci abinci? Riƙe lambar teburinka. A nan ma ana iya yin oda ta manhajar waya. Idan fuskarka ta yi ƙuruciya, ka zo da katin shaida. An hana shan taba a ciki tun 2007.

[Hoto: jerin famfuna, kyamara na tafiya a hankali]

To, ga wurin da ake yin tuntuɓe. Kowane famfon zuba giya yana da ɗan allo a gabansa: suna da manyan baƙaƙe, sai wata lamba ƙarama tare da haruffa uku, ABV. Wannan lambar ita ce yawan barasar da ke cikin abin sha, kashi nawa cikin ɗari. Yawancin giyar da ke jerin nan tana tsakanin 3.5 da 5. Sunan ba ya gaya maka komai, lambar ce ke magana.

Babban kofin nan da suke kira "pint" mililita 568 ne. Idan giyar 4.5 ce, akwai barasa zalla kusan mililita 26 a ciki. Idan 0.5 ce, kusan mililita 3, wato ya ɗan haura rabin ƙaramin cokali. Idan 0.05 ce, ba ta kai sulusin mililita ɗaya ba.

Ku sake kallon lambobi biyun nan. 0.5 da 0.05. Sifili guda ne ya raba su, amma ɗaya ta ninka ɗaya sau goma.

Jagorar gwamnati a Ingila ta ce a kira abu "alcohol-free" idan bai wuce 0.05 ba. Wanda aka cire wa barasa ya tsaya a 0.5 yana da nasa sunan, sannan "low alcohol", wato mai ƙarancin barasa, yana iya kaiwa 1.2. Sai dai wannan shawara ce ga kamfanoni, ba tilas ba. A Jamus kuwa ana rubuta "alkoholfrei" har zuwa 0.5. Shi ya sa za ka ɗauki kwalba, gabanta ya ce babu barasa, ka juya bayanta ka ga 0.5.

Me ya sa ake samun ragowa? Domin yawancinsu giya aka fara yi. An jiƙa sha'ir, an dafa, an zuba yis ya yi aikinsa, sannan aka janye barasar da ɗumi ko da matata mai ƙananan ƙofofi. Wasu kuma tsayar da yis ɗin ake yi da wuri. Ko wanda aka rubuta wa 0.0 yana iya ɗauke da ɗan burbushi. Wannan ya bambanta da Maltina ko Malta Guinness da muka sani a gida, waɗanda ba a barin su su tsimu tun farko. Hukuncin shan irin wannan a addini, malamai za ku tambaya, amma ku je musu da lambar a hannu.

[Hoto: kofuna uku a jere]

Sunaye uku masu yaudara. "Cider" a Ingila ba ruwan tuffa ba ne, barasar tuffa ce, sau da yawa ƙarfinta ɗaya da giya. "Shandy" rabi lemo ne, rabi giya. "Ginger beer" yawanci lemon citta ne kawai, amma akwai mai barasa, irin su Crabbie's. A abinci ma, kifin da aka rubuta wa "beer-battered" an kwaɓa fulawarsa da giya, shi kuma "steak and ale pie" da giya ake dafa naman cikinsa.

Matsala ta gaba hayaniya ce ke kawo ta. Ka ce Guinness 0.0, kunnen ma'aikaci ya kama kalmar farko kaɗai, ya zubo maka mai barasa. Sannan akwai al'adarsu ta karɓa-karɓa: mutum ɗaya ya sayo wa kowa, a zagaye na gaba wani ya saya. Kofuna shida suka iso tebur, launi ɗaya, kumfa ɗaya. Wanne ne naka? Ido ba zai raba maka ba.

A ganina, mafi kwanciyar hankali shi ne ka tashi ka bi mai sayen zuwa kanta, ka nemi abin da ke cikin kwalba ko gwangwani, a buɗe a gabanka. Lemuka irin su Appletiser, J2O, Coca-Cola, ko "lime and soda" (lemon tsami da ruwan soda), wanda yana cikin mafi araha a wurin. Ruwan famfo kuma kyauta ne, doka ta wajabta musu bayarwa idan ka tambaya. Idan sayen barasa ga wasu bai kwanta maka ba, faɗa tun zagayen farko cewa kai naka za ka riƙa saya, ba wanda zai ga baƙinka.

[Hoto: ma'aikaci na buga ƙararrawa]

A mashaya da yawa, wannan ƙarar tana nufin odar ƙarshe ce. Duba lokacin jirginka, dandamali yana nan bayan ƙofa.