Raƙumin Dawa a Bakin Mutanen Ingila da na Sifaniya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama a nan Sakkwato, kuma ina roƙon na baya su ɗan matso, domin lasifikar tana ɗaukewa. An nemi in yi bayani a kan sunayen namun daji da kalmomin kimiyyar muhalli a Ingilishi da Sifaniyanci, don haka na kasa maganar gida uku: sunayen dabbobi, kalmomin yanayi, sannan sunayen kimiyya.

Zan fara da raƙumin dawa. Mutumin Ingila yana ce masa giraffe, mutumin Sifaniya kuma yana rubuta jirafa, amma harafin farko yana fita daga maƙogwaronsa kamar kha'un ta Larabci. Duk wanda ya zauna a makarantar zaure a garin nan ya san zarafa, kuma daga gare ta duka biyun suka fito, bayan kalmar ta ratsa ta Italiya. Haka barewa: gazelle a Ingilishi, gacela a Sifaniyanci, asalinsu ghazal. Ba abin mamaki ba ne, tunda Musulmi sun riƙe mulki a Andalus daga shekarar 711 har zuwa faɗuwar Garnaɗa a 1492.

Amma ku saurari abin da ya fi burge ni. Sunan wannan dabba na kimiyya shi ne Giraffa camelopardalis, kuma kalma ta biyu haɗi ce ta Girkanci, wato raƙumi da damisa, saboda dogon wuya da kuma dabbare-dabbaren jiki. Bagirke da Bahaushe ba su taɓa haɗuwa a kasuwar Illela sun ƙulla shawara ba, amma kowannensu ya ɗaga kai ya dubi wuyan nan ya ce raƙumi ne. Bambancin kawai shi ne Bagirke ya lura da fata, Bahaushe kuma ya lura da mazauni, ya jingina shi ga dawa. Na maimaita, kowa raƙumi ya gani! Kuma dabbar ba ta yi mana nisa ba: a Kure ta Jamhuriyar Nijar, kimanin kilomita 60 daga Yamai, ragowar garken Afirka ta Yamma yake. A 1996 ba su wuce kamar 50 ba, sai da aka tsare su daga mafarauta sannan suka koma ɗaruruwa.

Na ga mai kula da lokaci yana duban agogo, saboda haka zan yi sauri. Ingilishi ma ya ci bashi daga Sifaniyanci: alligator daga el lagarto ne, wato ƙadangare, mosquito kuwa, wato sauro, ma'anarsa ɗan ƙaramin ƙuda. Ayu na kogin Kwara shi ne manatee, daga manatí.

Na uku, ko na biyu ne? To, kalmomin yanayi. Savanna, da ake kiran dajinmu da ita a littattafan makaranta, daga sabana take, wadda Sifaniyawa suka ara daga mutanen Taino na tsibiran Karebiyan, tare da huracán, mahaukaciyar guguwar teku. El Niño kuma, ɗumamar ruwan tekun Fasifik da ke iya rage mana damina, masuntan Peru ne suka raɗa masa suna, ma'anarsa yaro, wato jariri Annabi Isa, domin yana bayyana a wajen Kirsimeti. Muhalli shi ne medio ambiente, fari kuma sequía. Inda nake da ƙorafi shi ne desertification, ko desertificación, da muke fassarawa kwararowar hamada. Fassarar tana da daɗi, kuma manomin Gada ko Tangaza ya ga yashi yana binne gona da idonsa, amma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1994 tana nufin lalacewar ƙasa a busassun yankuna, ko da yashi bai motsa ba, ta hanyar sare itatuwa da yawan kiwo da gajiyar da gona.

(Wani ɗalibi daga baya: Allah gafarta Malam, a makaranta an koya mana tiger ita ce damisa. Haka ne?)

Allah ya yi maka albarka, ɗana, ka fitar da ni kunya, domin na kusa tsallake gida na uku. Ba haka ba ne. Babu tiger a dajin Afirka, dabbar Asiya ce mai ratsi-ratsi, damisarmu kuwa mai ɗigo-ɗigo ce, leopard ko leopardo. Kada ka zargi malaminka da yawa, domin mutanen karkara a Amurka ta Kudu ma tigre suke ce wa jaguar, wata dabbarsu mai kama da damisa, alhali su ma ba su da ita. Irin wannan ruɗani ne ya sa masana suka riƙe tsarin suna biyu na Carl Linnaeus, ɗan ƙasar Suwidin, wanda ya kafu ga dabbobi a 1758. Ka rubuta: damisa Panthera pardus, ta Asiya Panthera tigris, jaguar Panthera onca, zaki kuma Panthera leo. Ga ladan ya fara kiran la'asar, sai mu ɗaga sauran tambayoyin zuwa bayan salla.