Daga ɗakin gwaji zuwa kamfani: binciken na waye?

Tambayar da ake ta jefo mana kwanakin nan ita ce: masani ya gano sabon abu a ɗakin gwaje-gwaje, me zai hana shi ajiye farar riga ya buɗe kamfani gobe? Kowa sai ya ce kuɗi. E, kuɗi na ciki. Amma kafin a kai ga kuɗi akwai wata takarda, kuma a kanta ake yin tuntuɓe.

A yawancin jami'o'i, abin da ka gano ba naka ba ne. Ranar da aka ɗauke ka aiki ka sa hannu a tulin takardu, irin waɗanda ba mai karantawa, kuma a ciki akwai layin da ya ce duk abin da ka ƙirƙiro da kayan jami'a, na jami'a ne. A Amurka, dokar Bayh-Dole ta 1980 ta ba jami'o'i damar mallakar abin da aka gano da kuɗin gwamnatin tarayya. Suwidin ta bi wata hanya dabam, can malami ne ke riƙe da abinsa, amma irinta ba su da yawa.

Ku dubi labarin wata masaniya da kyau. Katalin Karikó ke nan. A 2005 ita da Drew Weissman suka gano yadda za a gyara mRNA, wato sinadarin da ke ɗauke da umarnin haɗa furotin a ƙwayoyin jiki, ya shiga jiki ba tare da garkuwar jiki ta far masa ba. Har kamfani suka kafa, RNARx. Sai dai takardar mallakar ƙirƙirar tana hannun Jami'ar Pennsylvania, ita kuwa ta ba wani kamfani lasisin. Ta wannan hanyar ce fasahar ta isa Moderna da BioNTech, kamfanonin da suka yi rigakafin korona da ita. Wani zai ce kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ba haka ba ne gaba ɗaya, don jami'o'i kan ba mai ƙirƙira nasa kaso, ga kuma kyautar Nobel da suka samu a 2023. Amma dai ba su suka zaɓi wanda za a ba lasisin ba.

To, ga yadda ake jera abin, ku bi shi a hankali. Kafin komai, ka sanar da ofishin jami'a mai kula da ƙirƙire-ƙirƙire. Su za su shigar da takardar neman mallaka. Sai bayan haka ka wallafa. Masu bincike kuwa sun saba da gaggawar wallafawa, don da ita ake samun ƙarin girma, shi ya sa suke riga malam masallaci. A Turai, ko allon bayani ka kafa a taron masana, ka riga ka fallasa, ba sauran batun mallaka. Amurka na ɗaga ƙafa na shekara ɗaya. Stanley Cohen na Jami'ar Stanford da Herbert Boyer sun wallafa dabarar haɗa ƙwayoyin gado a Nuwamban 1973, Jami'ar Stanford ba ta shigar da takarda ba sai Nuwamban 1974, dab da cikar wa'adi. A Amurka suka tsira, a waje kuwa sun makara.

Daga nan sai zaman ciniki, kai da jami'arka, kana neman lasisin abin da hannunka ya yi. Kai kaɗai za a ba, ko har da wasu? Kaso za su riƙa karɓa daga ciniki, ko hannun jari? Ni a ganina, jami'ar da ta kwashi hannun jari da yawa kanta ta cuta, don mai zuba jari na ganin haka zai tattara jakarsa.

Sauran kun sha ji. Ka nemi abokin tafiya da ya san kasuwa, kamar yadda Boyer ya haɗu da Robert Swanson suka kafa Genentech a 1976. Ka nemi jari. Ka nuna cewa abin da ya yi aiki a 'yar kwalba zai yi a tanki.

Kuma ku lura da lokaci. Kariyar mallaka shekara 20 ce, ana fara ƙirga ta daga ranar shigar da takarda, ko da ba ka sayar da komai ba. An kafa BioNTech a 2008, kayanta na farko bai samu izinin shiga kasuwa ba sai a Disambar 2020.