Lasisin gini a Najeriya: yadda za ka tabbatar wa hukuma cewa ka yi aikin

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa. Yau maganarmu a kan lasisin gini ce: wa ke bayar da shi a Najeriya, wa zai iya nema, kuma me za ka ajiye a gaban hukuma ranar da ta ce ka nuna mata aikin da ka yi.

Bari mu fara kawar da wani ruɗani. Takardar CAC ba lasisin gini ba ce, shaida ce kawai cewa kamfaninka yana da rajista. Haka ma izinin da mai fili ke karɓa daga hukumar tsara birane, kamar KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, izini ne na wannan ginin a wannan filin. Lasisin shi mutumin da zai jagoranci aikin yana hannun CORBON, majalisar rajistar magina ta ƙasa, wadda dokar soja mai lamba 45 ta shekarar 1989 ta kafa. Injiniyoyi suna da tasu, COREN, masu zanen gini kuma ARCON. Sai kuma NIOB, ƙungiyar ƙwararrun magina da aka kafa tun 1967. Ita ƙungiya ce ta 'yan sana'a, CORBON kuwa hukuma ce mai doka a bayanta.

Kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006 ya ɗora tafiyar da aikin gini da sa ido a kan birkiloli da kafintoci da masu ɗaurin rodi a wuyan magini mai rajista. Shi ne zai rubuta jadawalin aiki, da tsarin tabbatar da inganci, da tsarin kare lafiyar ma'aikata. Wannan nauyi ne na rayuka. A ranar 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 da ake kan ginawa ya rufta a Ikoyi ta Legas, sama da mutum 40 suka rasu. A Yulin 2024 ginin wata makaranta ya faɗo a Jos ana cikin karatu, aka rasa rayuka 22. Allah ya kiyaye na gaba.

Hanyar da aka fi bi a bayyane take. Ka yi digiri a fannin gini a jami'ar da aka amince da kwas ɗinta, irin su ABU Zariya, ATBU Bauchi, Jami'ar Jos ko ta Fasaha ta Minna. Mai HND ma yana da hanya, sai dai galibi sai ya ƙara karatu a sama. Ka yi bautar ƙasa, ka shiga NIOB, ka yi aiki na wasu shekaru a ƙarƙashin magini mai rajista, ka ci jarrabawar ƙwarewa, sannan ka nemi rajistar CORBON.

To, a nan gizo ke saƙar. Karatu yana da takarda, jarrabawa tana da sakamako. Amma shekarun da ka yi a wurin gini, cikin rana da ƙurar siminti, wa zai yi maka shaidarsu? Mutum sai ya yi shekara shida yana aiki tuƙuru, ranar cike fom kuma ba shi da komai sai hotuna uku a waya da lambar wani ɗan kwangila da ya daina ɗagawa. Wannan abin yana yi mini ciwo ƙwarai, domin ƙwarewar tana nan, shaidarta ce babu.

Saboda haka tun ranar farko ka sayi littafi mai kauri, ka mayar da shi kundin aikinka. Kowace rana ka rubuta kwanan wata, wane aiki aka yi, mutum nawa suka fito, wane kaya ya shigo. Mu ɗauki ranar zuba kankaren dekin. Kada ka rubuta "an zuba dekin" ka tashi. Rubuta girman rodin da aka shimfiɗa, milimita 12 ne ko 16, tazara nawa aka bari tsakaninsu, wa ya duba ɗaurin kafin a rufe shi. Rubuta haɗin da aka yi: idan siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4 ne, ka faɗa. Ƙarfe nawa aka fara, ƙarfe nawa aka gama, ruwan sama ya tsayar da ku? An ɗebi kankare an zuba a 'yan akwatunan gwaji? Ka ajiye sakamakon da ɗakin gwaji ya bayar na kwana 7 da na kwana 28. Kwana nawa aka yi ana ban ruwa, yaushe aka cire katako da sandunan tokari.

Hoto ma yana da lokacinsa. Ɗauki rodin ginshiƙi kafin kafinta ya rufe shi da katako, ɗauki ramin fandisho da awo a tsaye a ciki. Da zarar kankare ya hau, babu mai iya ganin abin da ke ƙarƙashi, kuma hoton gida da fenti ba ya gaya wa kowa abin da kai ka yi.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne sa hannu. Wanda kake aiki a ƙarƙashinsa, ka tabbatar yana da rajista, kuma ka riƙa kai masa littafin yana dubawa yana sa hannu a kai a kai. Ka same shi cikin ladabi, ka ce ranka ya daɗe, ina tara shaidar aiki ne don neman rajista. Idan za ka bar wurin, karɓi wasiƙa a takardar kamfani mai ɗauke da sunan aikin, inda yake, daga yaushe zuwa yaushe, da ainihin matsayinka. Yi wannan kafin ka tafi. Kamfanoni suna rushewa, shugabanni suna sauya gari.

Daga wannan kundin za ka rubuta rahoton aikinka, kuma a kansa za a yi maka tambayoyi baki da baki. Waɗanda za su zauna a gabanka mutane ne da suka yi shekaru a wurin gini. Idan ka ce kai ka jagoranci bene mai hawa uku, za su iya tambayarka yadda ka yi da ruwa ya cika ramin fandisho, ko matakin da ka ɗauka da aka kawo bulo mai marmashewa. Wanda ya kwafi rahoton wani, a nan asirinsa ke tonuwa. Ka faɗi iyakar abin da ka yi. Ƙaramin aiki da ka sani ciki da waje zai fi tsaya maka a kan babban da ka leƙa sau biyu. Kuma kada ka ɓoye matsalolin da aka samu, domin yadda ka warware su shi ne ake son ji.

Birkilan da ya koyi aiki a hannun ubangidansa, bai shiga jami'a ba, shi ma yana da ƙofa, sai dai daban take. Akwai gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya mai matakai uku. Akwai kuma tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa, NSQ, ƙarƙashin hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, mai hedikwata a Kaduna, inda ake auna abin da mutum ya riga ya iya, mai tantancewa ya kalli aikin hannunsa. Wannan takardar ba rajistar CORBON ba ce, amma shaida ce da manyan kamfanoni da hukumomi ke ganewa. Shi ma ya riƙa ajiye hotuna da sunayen unguwannin da ya yi aiki; idan rubutu na yi masa wuya, yaronsa ya rubuta masa.

Bayan an ba ka rajista za ka samu lamba da hatimi, kuma lasisin aiki ana sabunta shi ne duk shekara. Ku kuma masu ba da aiki, kafin Alhaji ko Hajiya su miƙa kuɗin fandisho, a nemi lambar rajistar wanda zai jagoranci ginin da lasisinsa na bana, a tuntuɓi CORBON a tabbatar da sunansa.